Tukunyar adas a harabar coci: a yi wa'azi ko a yi shiru?

Daga zauren Hausawa mazauna gabashin Sudan

Ɗan Zonkwa: Salama jama'a. Ku gafarce ni, na san wannan zaure na labarin hanya ne da farashin dawa da kukan wanda manhajar bankinsa ta Bankak ta ƙi buɗewa. To amma mu Kiristoci masu jin Hausa a nan ba mu da yawan da za mu buɗe namu zauren, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Cocin da muke sujada a Gadarif yana da takiya, wato wurin dafa abincin sadaka, kullum ana dafa adas (wani irin ƙaramin wake) ko balila (dafaffen wake ko hatsi) a raba wa 'yan gudun hijirar yaƙin da ake yi a ƙasar nan. Makon jiya kwamitin dattawa ya yanke cewa ba wa'azi a wurin rabo, ba raba takardun bishara, ko addu'a da lasifika ba a yarda ba. Mai son addu'a ya yi ta a ɗakin girki kafin a fito da tukunya. Ni dai ban gamsu ba. Matiyu 28:19-20 bai ce a je a dafa wa al'ummai abinci ba. Cewa ya yi a mai da su almajirai, a yi musu baftisma, a koya musu. Idan ikilisiya ta kulle bakinta, mene ne bambancinta da ƙungiyar agajin da nake tuƙa wa mota? Su ma abinci suke rabawa, har sun fi mu buhuna.

Mai Kula da Zaure: An yarda a tattauna. Sharaɗi biyu ne: ba zagin addinin kowa, ba kuma wanda zai rubuta sunan cocin ko unguwar.

Maman Tagwaye: Ƙanena, ka taɓa tsayawa a bakin tukunyar nan tun daga ɗorawa har saukewa? Ni a can nake yini. Tun asuba muke hura gawayi, kafin hantsi mata sun jera kwanuka daga bakin ɗakin girki har ƙofar waje. Ba ma kwanuka ba ne duka, akwai bokitin fenti, akwai jarkar mai da aka yanke wa kai. Kowace ta sa dutse a cikin nata don kada iska ta ɗauke, ta koma gindin bango ta zauna. Akwai wata da ke zuwa ta rufe rabin fuskarta da mayafi, ba ta ɗaga ido. Daga baya na ji malamar makaranta ce a Madani kafin garin ya faɗi a Disamban 2023, a da ita ke ciyar da wasu. Wannan matar kake so a tsayar a rana a ce ta saurari wa'azi kafin a zuba mata ludayi uku? Za ta saurara, har amin za ta ce, domin akwai yara a ɗakin ajin da suke kwana suna jiranta. Amma ni da kai mun san yunwa ce ta ce amin ɗin. Kuma abin da ba ka gani ba, akwai lokacin da ludayi ke fara kankarar gindin tukunya alhali layi bai ƙare ba. A daidai lokacin nan ni ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi, ƙirga kawuna nake yi ina rage hannu.

Ɗan Zonkwa: Mama, ban ce a mai da shi sharaɗi ba. Wanda ya ga dama ya ji, wanda bai ga dama ba ya karɓi abincinsa ya tafi. Amma Romawa 10:14 tana tambaya, yaya za su ji in ba mai yi musu wa'azi? Ciki zai sake jin yunwa gobe. Rai fa?

Maman Tagwaye: Ya tafi ina? Yana layi. Wanda ke layi ba shi da zaɓin toshe kunne.

Alhaji Mai Dawa: Assalamu alaikum. Ma'alesh, ni Musulmi ne, amma tunda a gabanmu aka baje maganar bari in sa baki. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, a bakin Shuɗin Nilu aka haife ni. Abin da muka taso muna ji daga iyayenmu game da kanisa, wato coci, shi ne, maganinta da makarantarta tana ce a bakin ƙugiya, kifi yana ganin abinci, mai kamun yana ganin kifi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka mutanenmu suka ɗauka. Da aka buɗe takiyar nan na ji da kunnena a kasuwa ana cewa kada mata su je. Abin da ya sa suka ci gaba da zuwa shi ne waɗanda suka fara zuwa sun dawo sun ce ba wanda ya tambaye su komai sai yawan mutanen gida. Ɗana, ranar da kuka ɗaura lasifika, rabin layin nan zai watse, kuma ba ƙoshi ne zai watsa su ba. Mazajensu za su hana, yara su kwana haka nan. Ba kuma kanisa kaɗai nake wa wannan magana ba. Mu ma muna da masu da'awa da ke shiga ƙauyuka da buhun shinkafa a hannu ɗaya, kuma ban taɓa ganin musuluntar da aka yi don buhu ta daɗe ba.

Baba Dattijo: Alhaji, ranka ya daɗe, zargin iyayenka ba daga sama ya faɗo ba, kuma ya kamata mu Kiristoci mu iya faɗin haka ba tare da jin kunya ba. A ƙasar Hausa Turawan mulki sun hana 'yan mishan shiga masarautu su yi wa'azi. Ƙofar da ta buɗu musu a shekarun 1930 ita ce jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Sun yi aikin da ba wanda yake so ya yi, sun wanke gyambon da dangin mutum ma suke gudu, wannan ba mai ƙwace musu. Amma su da kansu ba su ɓoye ba cewa jinyar hanya ce ta isa ga mutane da bishara. A nan Sudan ma haka aka yi. Bayan 1898 Ingilishi sun hana yi wa Musulmin arewa wa'azi, sai mishan ta koma makaranta da asibiti a Khartum da Umdurman, wa'azi kuma aka tura shi kudu da tsaunukan Nuba.

Ɗana na Zonkwa, wannan gardamar taka ta girme ka. A taron Lozan na 1974, wanda Billy Graham ya kira, aka tara shugabannin masu bishara daga ƙasashe kusan 150, an yi ta sosai. Mutanen Latin Amurka irin su Rene Padilla suka tsaya kai da fata cewa ba a raba bishara da halin da talaka yake ciki. Alkawarin da John Stott ya jagoranci rubutawa ya ce shelar bishara da hidimar al'umma duka biyun wajibi ne a kan Kirista, sai kuma a sakin layi na gaba ya ce shelar bishara ce kan gaba. Ka ga kowane ɓangare ya koma gida da abin kafa hujja. Wanda ya fi fitowa fili shi ne takardar 2011 da Majalisar Ikilisiyoyin Duniya da Fadar Fafaroma da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya suka fitar tare kan shaidar Kirista a cikin masu wasu addinai. Ba kasafai ake ganin waɗannan uku a kan takarda ɗaya ba. Sun ce amfani da talauci ko buƙatar mutum don jawo shi ba shi da gurbi a aikin Kirista. Dattawanku ba sabon abu suka ƙirƙiro ba.

Ɗan Zonkwa: Baba, da girmamawa, takardar 2011 ɗin nan ba Littafi Mai Tsarki ba ce. Gowans da Kent, 'yan mishan da suka zo Najeriya a 1893 suka mutu cikin shekara guda, ba don raba abinci suka mutu ba. Da sun yi irin wannan shirun, da ni da kai ba mu san Almasihu ba.

Baba Dattijo: To mu koma Littafin. Yahaya sura 6, Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar. Washegari suka bi shi har ƙetaren teku, ya gaya musu a fili cewa don sun ci gurasa sun ƙoshi suke nemansa. Bai ƙirga su cikin almajirai ba, kafin surar ta ƙare ma da yawa sun watse. Luka 17, kutare goma ya warkar, ɗaya ne ya dawo, bai kuma janye warkarwar tara ɗin ba. A Matiyu 25 tambayar da za a yi ita ce ko ka ciyar da mai yunwa, ka karɓi baƙo, ka ziyarci ɗan kurkuku. Ba a ce ciyarwar share fage ce ta wani abu ba, ita kanta aka ƙirga. Ni ban ce a daina wa'azi ba, ɗana. Ƙofar majami'a a buɗe take ranar Lahadi, ana jin waƙarmu har titi. Na ce kada a yi shi a kan wanda ba shi da ikon tashi ya tafi.

Tsohon Ɗalibin Kwamboni: Ni ma Musulmi ne, kuma a makarantar Kwamboni ta Khartum na yi karatu. Tun 1929 aka kafa ta, ta yaye 'ya'yan Musulmi da ba su ƙirguwa, ciki har da manyan ƙasar nan. Shekarun da na yi a can ba wanda ya taɓa ce mini in bar addinina. Na fito da sallata yadda na shiga da ita. In ɗan'uwa na Zonkwa ya auna da ma'auninsa, sai ya ce sun yi asara a kaina. Amma har gobe ba wanda zai zagi Kirista a gabana in yi shiru, kuma lokacin da 'yan bindiga suka afka wa cocin Mar Girgis na Kibɗawa a Umdurman a watan Mayun 2023, yadda na ji a raina ba shi da bambanci da a ce masallacin unguwarmu ne. Ku ne za ku faɗa ko wannan yana cikin abin da aka aiko ku ku yi.

Ɗan Zonkwa: Yaya, na gode da gaskiyarka, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ina murna da zumuncin, amma in na ce ba na fatan ka san Almasihu yadda na san shi, na yi munafunci.

Tsohon Ɗalibin Kwamboni: Ni ma ina maka fatan shiriya, sai mu yi canjaras. Bambancin shi ne ni da kai a ƙoshe muke, kowa na iya kashe wayarsa.

Katikis: Mu a Katolika an rubuta mana wannan. A wasiƙarsa ta farko, ta 2005, Fafaroma Benedict na 16 ya ce ba a mai da aikin ƙauna kayan farautar mabiya, kuma Kirista ya san lokacin da ya dace ya yi maganar Allah da lokacin da ya fi kyau ya yi shiru ya bar ƙauna ta yi magana. Daniel Kwamboni kansa, ɗan mishan ɗin da makarantar ta ci sunansa, wanda ya rasu a Khartum a 1881, shirinsa shi ne a ceci Afirka ta hannun 'yan Afirka, shi ya sa ya dage kan horar da mutanen ƙasa. Ku dubi asibitin Gidel a tsaunukan Nuba, inda Dakta Tom Catena yake tun 2008, ya zauna har lokacin da jirage ke ruwan bama-bamai a yankin. Ba a tambayar addinin mara lafiya kafin a kwantar da shi, kuma duk yankin ba wanda bai san don wa likitan yake zaune a can ba.

Mai Walda: Ni tawa matsalar daban ce, tunda an buɗe maganar. Ranar Lahadi mu da muke cikin sujada, kafin a tashi tukunya ta ƙare. Akwai gwauraye 'yan Nuba a cikinmu da suka gudo daga unguwar Haj Yusif ta Khartum ba su da komai, su ne ke komawa hannu rabbana saboda sun tsaya sujada. Galatiyawa 6:10 ta ce a kyautata wa kowa, musamman iyalin bangaskiya. Ina musamman ɗin?

Maman Tagwaye: Wannan kam kana da gaskiya, kuma laifin tsari ne. Tun a Ayyukan Manzanni sura 6 aka yi irin wannan ƙorafi, gwaurayen masu jin Helenanci ana tsallake su a rabon abinci, manzanni ba su yi wa'azi a kai ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa su riƙe aikin. Zan gaya wa shugabar zumuntar mata a riƙa ɗebe na waɗanda ke cikin sujada a rufe. Amma ba za a ƙara musu ludayi don suna Kirista ba, wannan kada ma a fara.

Likitar Kasala: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne duk kun tsaya a bakin tukunya. Wa ya jefa malamar Maman Tagwaye cikin layi? Tun 15 ga Afrilun 2023 ake wannan yaƙi, mutum fiye da miliyan goma sun bar gidajensu, an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a Agustan 2024. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 takiyoyi da yawa suka rufe. Za mu yi ta dafa adas har yaushe? Ikilisiya ta taɓa yin abin da ya fi haka a ƙasar nan. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda gwamnatin Numairi da 'yan tawayen Anyanya na Joseph Lagu suka ƙulla, ta tsayar da yaƙin shekara 17 na kudu, Majalisar Ikilisiyoyin Duniya da ta Ikilisiyoyin Afirka ne suka shiga tsakani, Canon Burgess Carr ɗan Laberiya ya jagoranci zaman. Ta riƙe har 1983. A 1999 majalisar coci-coci ta kudu ta tara Dinka da Nuwer a Wunlit suka yi sulhu. A 2019 Fafaroma Francis ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar, shugabannin Sudan ta Kudu, yana roƙonsu kada su koma yaƙi. Luka 4:18 ba bishara ga matalauta kaɗai ta ambata ba, har da 'yantar da waɗanda ake zalunta. Wannan ɓangaren ne ba na ji a bakinku, masu wa'azi da masu tukunya duka.

Alhaji Mai Dawa: Likita, Allah ya saka. Mu Hausawan Shuɗin Nilu mun ɗanɗana kora daga gida tun a Yulin 2022, kafin wannan babban ya zo. Wanda ya buɗe baki ya ce an zalunce ka ya fi wanda ya ba ka tuwo ya yi shiru. Mu a tarihinmu ba mu manta Najashi na Habasha ba, sarki ne Kirista, ya karɓi sahabbai da suka gudo daga Makka, Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka ya ƙi miƙa su. Ba ciyarwar kaɗai ake tuna masa ba, ƙin miƙa su ɗin ne.

Baba Dattijo: 'Yata likita, ba na musun ko ɗaya, sai dai ki auna wurin. A 1972 da Wunlit ana maganar kudu ne, inda mayaƙan da kansu 'ya'yan ikilisiya ne, bishop yana iya kiran kwamanda da sunan da aka yi masa baftisma. Tun da kudu ta balle a 2011 Kiristocin da suka rage a nan 'yan tsiraru ne, kuma ba ɗaya daga cikin masu riƙe da bindigar yau da ke jin nauyinsu. Faston da ya tashi a Gadarif ya ambaci sunan wani ɓangare, gobe a ce shi ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren ne, takiyar ma a rufe ta. Shugabanninmu suna kiran a tsagaita wuta, kuma ya kamata su ƙara. Amma ƙaramar ikilisiya tana da irin nata: ta ƙi rubuta ƙabilar mutum a takardar rabo, ta ƙi korar wanda aka ce fuskarsa ta yi kama da mutanen yammacin Sudan. A wannan yaƙin, wannan ma ba ƙaramin tsayawa ba ne.

Likitar Kasala: Baba, na ji, amma ina tsoron kada "mu 'yan tsiraru ne" ya zama bargon da za mu lulluɓa da shi har abada. Irmiya ya gaya wa bayin da ke Babila su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su ma ba su da rinjaye.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa, kada a ambaci sunan wani kwamanda ko runduna. Ana duba wayoyi a shingaye.

Baba Dattijo: Bari in koma kan ɗana na Zonkwa, don akwai abin da nake so ya ɗauka, kuma ba na so ya tafi yana ganin an taru an danne shi. Kishinsa ba laifi ba ne, ikilisiyar da ba ta da irinsa ta mutu ba ta sani ba. Ƙasar nan da muke zaune ta taɓa zama ƙasar Kirista kusan shekara dubu. Wajen 543 Yuliyanus ya kawo bishara Nobatiya, ɗaya daga cikin masarautun Nubiya, a 580 Longinus ya kai Alwa, wadda babban birninta Soba yake nan kusa da Khartum. Sun gina manyan majami'u a Faras da Dungula, sun fassara Littafi da harshensu. Zanen bangon Faras da 'yan Poland suka tono a farkon shekarun 1960, an raba shi tsakanin gidan tarihin Khartum da na Warso. Larabawa sun zo da yaƙi a 652 ba su ci Dungula ba, aka ƙulla yarjejeniyar Baƙt da ta yi ɗaruruwan shekaru. To ina ikilisiyar take yau? Ba a rana ɗaya aka share ta da takobi ba. Sarauta ta raunana, aure da ciniki suka canja mutane, fadar Dungula ta zama masallaci a 1317. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bishop-bishop ɗinsu daga Iskandariya ake naɗo su. Da hanyar ta yanke, sai naɗin ya yanke. Wani limamin Fotugal, Francisco Alvares, da ya zauna a fadar Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa mutanen Nubiya sun aiko suna roƙon a ba su limamai su koya musu, sarkin Habasha ya ce ba shi da na bayarwa, shi ma daga Masar ake aiko masa nasa babban. Mutane ne da ke son addininsu, ba mai koya musu.

Ka kwatanta da 1964. Gwamnatin Abbud ta yi dokar ƙungiyoyin mishan a 1962, bayan shekara biyu ta kori 'yan mishan na waje kusan 300 daga kudu. Kowa ya ce shi ke nan. Ikilisiyar kudu ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi, domin akwai katikis da masu bishara 'yan ƙasa da suka ci gaba a ƙarƙashin itatuwa da sansanonin gudun hijira.

Ayar da ka kawo, ɗana, ba a baftisma ta tsaya ba, ta ce a koya musu su kiyaye duk abin da aka umarta. Yaran Nuba nawa ne ke yawo a harabar cocin nan da aka yi musu baftisma, tun da yaƙi ya fara ba boko ba makarantar Lahadi, wasu sun manta karatun da suka iya? Iyayensu suna neman mai koya musu, ba wanda zai ce ka tilasta. Kana da Larabci daidai gwargwado, kana da Juma'a da Asabar. Kana hangen layin waje, ga almajirai a bayanka ba mai kula da su.

Ɗan Zonkwa: Baba, wannan ta shige ni, kuma zan yi magana da fasto kan ajin yaran. Amma ban janye ba. Tun Yulin 2020 aka soke dokar ridda a ƙasar nan, abin da iyayenmu a bangaskiya suka yi shekaru suna addu'a a kai. Yanzu da doka ta saki, mu ne za mu ɗaure kanmu? In duk wanda ya zo wurinmu ya ci ya tafi bai taɓa jin dalilin da ya sa muke yi ba, akwai abin da muka ɓoye masa.

Maman Tagwaye: Wa ya ce ba sa ji? Gicciye yana kan ƙofar da suke shigowa. Kuma suna tambaya. Ba a layi ba, sai an gama, muna wanke tukwane, wata ta dawo ta kama mana, a nan take cewa ku me ya sa kuke wannan wahala alhali ku ma baƙi ne. Ni kuwa ina gaya mata, ba na rage komai, har sunan Yesu. Abin da 1 Bitrus 3:15 ta ce ke nan, a zauna a shirye a amsa wa mai tambaya, da tawali'u da ladabi. Ita ta tambaya, abincinta yana hannunta, in ta ga dama ta tsaya in ta ga dama ta wuce. Wasu sun ce Allah ya shirye ni, mun yi dariya mun ci gaba da wanki.

Alhaji Mai Dawa: Wannan ba mai jin haushinsa. Tambaya aka yi aka ba da amsa.

Ɗan Zonkwa: To ga abin da zan kai wa kwamiti. A bar wurin rabo yadda suka yanke. Amma a buɗe ƙaramin ɗakin da ke gefen ofis da la'asar, a rubuta a allo cewa mai son addu'a ko tambaya ya zo, ni zan zauna.

Maman Tagwaye: In da la'asar ne, bayan an kwashe tukwane, ba ni da ja. Amma allon kada a kafa shi inda ake layi, a kai shi ƙofar majami'a. Kuma mace ba za ta shiga ɗaki ta same ka kai kaɗai ba, ka san inda muke. Sai an sa ɗaya daga cikin zumuntar mata.

Katikis: Kuma kada mai riƙe da takardar rabo ya zama shi ne mai zama a ɗakin. In mutum ɗaya ne, an koma gidan jiya.

Ɗan Zonkwa: Na karɓi na mace da na takarda. Na allon ne ban yarda ba, in an kai shi ƙofar majami'a waɗanda nake so su gani ba za su gani ba. Dattawa za su zauna Lahadi da yamma bayan an taso daga aiki, zan faɗi nawa, Mama ki zo ki faɗi naki.

Likitar Kasala: In kun zauna ku sa maganar ruwan sha a ajanda. Damina ta kusa, kwalara ba ta bar yankin nan ba, kuma randunan da na gani a hoton da aka turo ba su da murfi.

Maman Tagwaye: Zan zo. Likita, turo mini adadin sinadarin da ake sa wa jarka ɗaya ta akwatina.